HASKEN RANA DA WUTAR LANTARKI: DARASI A KAN BAIWAR ALLAH DA AMANAR MUTUM



Darasinmu na wannan wata ya shafi abin da kowane gida yake kuka da shi, watau wutar lantarki. Duk wanda ya bi Titin Zariya ta Gyaɗi-Gyaɗi da tsakar rana a watan Afrilu zai gane dalilin da ya sa muka ɗauko wannan magana. Rana ta take, kwalta tana tururi, kwanon kowane gida ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Amma a cikin shaguna tela ya naɗe hannu, mai walda ya jingine ƙofar da bai gama ba, mai sayar da ƙanƙara da zoɓo tana duban firjinta yana tsiyayar ruwa, gama an ɗauke wuta tun asuba. Inda kuwa aiki bai tsaya ba, to, janareta ne yake ruri, yana cinye ribar yini tun kafin a ƙirga ta. Ga ƙarfi yana zubowa daga sama kyauta, ga mutane a ƙarƙashinsa suna neman ƙarfi da kuɗinsu ba su samu ba. Magabata sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Wani zai ce, me ya haɗa mujallar dayosis da zancen falwaya da batir? Abin da ya haɗa su shi ne mutum. Yaron da ba ya iya karatu da dare ɗanmu ne. Matar da take naƙuda a ƙaramin asibiti ana haska mata fitilar waya 'yarmu ce. Kuɗin baiko da ake ƙonewa a tankin janareta kowace Lahadi gumin masu bi ne. Saboda haka za mu bi maganar daki-daki: inda wutarmu take fitowa, abin da rana za ta iya ba mu, abin da Ikilisiya ta koyar, da abin da ya rage gare mu.

1. INDA WUTARMU TAKE FITOWA

An kafa NEPA a 1972, aka sāke mata suna zuwa PHCN a 2005, sa'an nan a watan Nuwamba 2013 aka miƙa aikin rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu. Tun daga lokacin KEDCO ne yake raba wuta a jihohin Kano, Katsina da Jigawa, ko da yake har yau in ƙwai ya kama yara suna ihun NEPA. Amma kamfanin rarrabawa ba shi yake samar da wutar ba. Mafi yawanta daga tashoshin iskar gas na kudancin ƙasa take fitowa, saura kuma daga madatsun ruwa na jihar Neja, kamar Kainji da aka gama a 1968 da Shiroro da ta fara aiki a 1990. Kafin wuta ta shigo ɗaki a Tarauni, sai ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a kan manyan wayoyi, ta ratsa Kaduna, ta sauka a babbar tashar Kumbotso, daga nan a rage ƙarfinta a raba ta unguwa-unguwa.

Abin da ake rabawar kuwa kaɗan ne. Shekara da shekaru, wutar da take gudana a layin ƙasa tana kaiwa da komowa tsakanin megawat 4,000 da 5,000, domin mutane fiye da miliyan 200. A 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 85 ba su da wutar layi ko kaɗan. Tuwon da bai ishi mutum goma ba, in aka ajiye shi gaban ɗari, ba gwanintar mai rabo ce za ta ƙosar da su ba.

Ba mu manta da watan Oktoba 2024 ba. 'Yan ta'adda sun lalata layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin kuma da ya biyo ta Inugu da Makurɗi ya sami matsala, sai galibin Arewa ta zauna cikin duhu fiye da mako guda. Kuɗin jarkar ruwa ya tashi domin injunan rijiyoyin burtsatse sun tsaya, masu markaɗe sun ƙara kuɗi, abinci ya lalace a firji. A waɗannan kwanaki kowa ya ga cewa birni mai miliyoyin mutane yana rataye ne a kan igiya ɗaya ko biyu.

Ga kuma tsada. Da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da N200 ta haura N500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce N1,000 a wurare da yawa. A watan Afrilu 2024 hukumar kula da lantarki ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a yini, daga ƙasa da N70 zuwa N225. Mai janareta ya ji a jikinsa, mai mita ma ya ji.

2. ARZIKIN DA YAKE SAUKA BISA KWANONMU

Littafin Farawa ya nuna mana cewa a rana ta huɗu Allah ya kafa manyan fitilu a sarari, ya ba babbar mulkin yini. Al'ummai da yawa na zamanin dā sun yi wa rana sujada, amma Isra'ila ta san cewa rana halitta ce, baiwa ce mai hidima. Masu ilimin kimiyya sun auna wannan hidima. Tsakaninmu da rana akwai kimanin kilomita miliyan 150, haskenta yakan iso mu cikin minti 8 da 'yan daƙiƙu. In sama ta yi garau da tsakar rana, kowane fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya yana karɓar ƙarfin da ya kai kimanin wat 1,000.

A nan Allah ya yi wa Arewa rabo mai tsoka. Kano tana samun hasken rana kimanin awa 3,000 a shekara. In aka tara abin da ya sauka a kan wannan ɗan fili daga fitowar rana zuwa fāɗuwarta, yakan kai kusan yunit 6 irin na mitar wuta, alhali a bakin teku, inda gizagizai suka yi yawa, yakan tsaya wajen 4. Faifan sola na wannan zamani yana juya kimanin kashi 20 cikin 100 na hasken zuwa lantarki. Watau faifai mai girman wancan fili zai ba da kusan yunit 1 kowace rana a garinmu. Ƙasar Jamus, wadda hasken da take samu a shekara bai fi rabin namu da yawa ba, ta shimfiɗa faifan da ƙarfinsu ya ninka dukan wutar layin Nijeriya sau da yawa. Ashe rashinmu ba na rana ba ne.

3. YADDA NA'URAR TAKE AIKI

Wani Bafaranshe mai suna Edmond Becquerel ne ya fara lura a 1839 cewa haske yana iya tayar da lantarki a jikin waɗansu abubuwa. A 1954 aka ƙera faifan farko mai amfani a Amurka, da sinadarin silikon wanda ake tacewa daga irin yashi da duwatsu. A farko tsadarsa ta sa sai taurarin ɗan Adam kaɗai ake sa wa. Amma tsakanin 2010 da 2020 farashin faifai ya fāɗi da kimanin kashi 90 cikin 100, shi ya sa yau muke ganinsa a kan shagon mai cajin waya.

Kayan sola na gida kashi huɗu ne, manomi kuwa zai fi kowa saurin fahimtarsu. Faifai shi ne gona, inda ake girbe haske. Batir shi ne rumbu, inda ake ajiye abin da aka girbe da rana domin a ci da dare. Na'urar daidaita caji ita ce mai tsaron ƙofar rumbu, tana hana a cika shi har ya fashe, tana hana a kwashe shi ƙaf. Inbata ita ce turmi, tana juya wutar batir zuwa irin wadda fanka da talabijin suke ci. Yusufu ya ceci Masar domin ya tara a shekarun ƙoshi saboda shekarun yunwa. Mai sola yana yin wannan aiki kowace rana tsakanin hantsi da dare.

Ƙasarmu tana da nata sharuɗɗa. Na fari, ƙura. A lokacin hunturu hazo yana rage haske, ƙura kuma tana kwanciya a kan gilashi, don haka sai a riƙa goge shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin ya yi zafi. Na biyu, zafi. Mutane suna zaton zafi ne faifai yake so, alhali haske yake so, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi. Saboda haka kada a manna shi a jikin kwano, a bar sarari iska ta ratsa ƙarƙashinsa. Na uku, a ɗan karkata shi ya fuskanci kudu, a kuma nisanta shi da inuwar tanki ko darbejiya, gama inuwa a gefe ɗaya tana iya raunana faifan duka.

4. LISSAFI KAFIN GINI

Ubangijinmu ya yi gargaɗi a Bisharar Luka sura 14 a kan mai ginin da bai fara zama ya yi lissafi ba. Yawancin masu cewa sola ta yaudare su, a nan suka yi tuntuɓe. Bari mu yi misali da gida mai ɗaki biyu.

Ƙwan fitila 6, kowane wat 10, na awa 6: 360.
Fanka 2, kowace wat 60, na awa 8: 960.
Talabijin mai wat 60, na awa 4: 240.
Cajin waya 4: kimanin 40.

Jimla 1,600, watau yunit 1.6 a yini. Da yake ana asarar wani abu a waya da batir da inbata, sai mu ƙara rubu'i, ya zama 2,000. Mu raba wannan da awa 5 na cikakkiyar rana, domin mu bar wa damina da hazo rabonsu: ya ba mu wat 400. Faifai biyu masu wat 250 sun wadatar. In kuma 1,200 daga cikin jimlar da dare za a sha, to, batir mai ruwa na bolt 12 da amfiya 200 yana ɗaukar 2,400, amma rabinsa kaɗai ya kamata a taɓa in ana so ya daɗe. Ke nan ɗaya ya isa, ba tare da rara ba.

Yanzu a ce wani ya jona dutsen guga mai wat 1,000, ko hitar dafa ruwa wadda ta fi shi ci. Cikin awa ɗaya ya lashe kusan duk abin da aka tanada domin dare. Laifin ba na rana ba ne. Faifai mai kyau yakan yi shekara 25 yana aiki. Batir mai ruwa yakan gaji cikin 'yan shekaru kaɗan, na litiyam ya fi shi daɗewa ƙwarai amma ya fi tsada. Duk wanda ya sa sola, tun ranar farko ya buɗe asusun sāke batir. Tun ran gini, ran zane.

5. ABIN DA AKA RIGA AKA YI KUSA DA MU

Ba tatsuniya muke yi ba. A 2018 aka fara haɗa shagunan kasuwar Sabon Gari da wutar sola a ƙarƙashin wani shiri na Hukumar Samar da Lantarki a Karkara. A watan Satumba 2019 aka buɗe tashar Jami'ar Bayero mai megawat 7.1, wadda ta haɗa faifai da batir da injunan ko-ta-kwana. A watan Janairu 2023 aka ƙaddamar da tashar sola mai megawat 10 a yankin masana'antu na Chalawa cikin ƙaramar hukumar Kumbotso. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun buɗe ta Malbaza mai megawat 7 a 2018, da ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30 a 2023. Dokar Lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu da kansu.

Amma mu faɗi gaskiya: megawat 10 cokali ɗaya ne a bakin Kano. Babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da yake nan Titin Zariya, ko masana'antun Sharaɗa da Bompai, suna bukatar wuta mai ƙarfi dare da rana, ba za su rabu da layin ƙasa cikin sauƙi ba. Sola ba ta ɗauke wa hukuma nauyin gyara wannan layi ba, haƙƙinmu ne kuwa mu ci gaba da tambayar shugabanni a kai. Sai dai fitilar ɗaki, da firjin allurar rigakafi, da injin rijiyar burtsatse, waɗannan ba sai sun jira Shiroro ba.

6. ABIN DA IKILISIYA TA KOYAR

Na fari, mutum wakili ne. Farawa sura 2 ta ce an sa Adamu a gonar domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Noma da kiyayewa tare suke tafiya. A saƙonsa na Ranar Salama ta Duniya ta 1990, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya bayyana cewa lalata muhalli matsala ce ta lamiri. Mu da muke ganin hamada tana matsowa, gawayi yana cinye dazuzzukanmu, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Na biyu, dukiyar duniya ta dukan 'yan Adam ce. Majalisar Batikan ta Biyu ta nanata wannan a 1965. Bisharar Matiyu sura 5 ta tuna mana cewa Ubanmu yana fito da ranarsa ga nagari da mugu ba bambanci. Babu mai iya sa wa rana mita. Amma faifai da batir da kuɗi ake sayensu, a nan haɗarin yake. In masu hali duka suka sa sola suka rufe ƙofa, talaka ne zai rage shi kaɗai a kan lalataccen layi, ba kuwa mai sauran murya da zai yi magana dominsa. A wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015, marigayi Paparoma Francis ya yi kira a maye gurbin kwal da mai da gas sannu a hankali ba tare da jinkiri ba, ya ce ƙasashe matalauta suna bukatar taimakon fasaha da kuɗi domin su ci moriyar ranar da suke da ita a yalwace, ya kuma yaba wa jama'ar da suke haɗa kai cikin ƙungiyoyin gama-kai su samar wa kansu wuta.

Na uku, koyarwa sai da misali. A 2008, zamanin Paparoma Benedict na 16, aka shimfiɗa faifai kimanin 2,400 a kan rufin babban zauren taro na Bulus na 6 a Batikan. A 2024 Paparoma Francis ya ba da umarni a gina tashar sola a filin Santa Maria di Galeria domin ta ɗauki bukatar Batikan duka. Ya sa wa takardar umarnin suna Ɗan'uwa Rana, bisa ga yadda Waliyyi Francis na Assisi yake kiranta.

7. GARGAƊI UKU

Araha ba ta ado. Kasuwa ta cika da faifan da aka rubuta musu ƙarfin da ba su da shi, da tsofaffin batura da aka yi wa fenti. A nemi takardar garanti, a auna kaya kafin a biya. Mai bi da yake wannan sana'a ya tuna cewa ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji, ko da mudu ne ko da waya ce.

Siririyar waya da haɗin ganganci suna jawo gobara. A kira wanda ya koyi aikin, a sa fis, a ajiye batir inda iska take shiga, nesa da yara. Haka kuma kada a taɓa kwana da janareta a cikin ɗaki ko a soro a rufe, gama iskar da yake fitarwa ba ta da wari ko launi, ta sha hallaka iyali duka cikin barci.

Mataccen batir yana ɗauke da dalma, dalma kuwa guba ce. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a jihar Zamfara. Kada a fasa batir a tsakar gida, kada a zubar da ruwansa a kwata. A mayar da shi ga dillalin da yake karɓar tsoho.

8. ABIN DA YA RAGE GARE MU

Muna roƙon kwamitin kowace farish ya buɗe littafi ya rubuta abin da aka kashe a kan man janareta da gyaransa cikin wata 12 da suka wuce, sa'an nan ya gwada shi da kuɗin sola. Lissafin ne zai yi magana. In za a fara, a fara da abin da ya fi taɓa rai: asibitin mishan, rijiyar burtsatse, ajin da yara za su yi karatun dare, kafin fankar ofis. Ƙananan majami'unmu na ƙauye, inda katikis yake karanta Maganar Allah da tocila, su ne suka fi cancanta a fara tunawa da su.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zumuntar Mata ta daɗe da sanin adashi. Gida 10 za su iya zuba wa juna, kowane wata gida ɗaya ya sami fitila da fanka. Ƙungiyar matasa ta tura 'yan maza da 'yan mata su koyi haɗa sola da gyaranta, gama sana'a ce mai ci a wannan gari. Famfon da rana take ja kuwa kada a sa masa kwaɗo. A unguwa irin Gyaɗi-Gyaɗi, inda maƙwabtanmu galibi Musulmi ne, muna shan zafi ɗaya da duhu ɗaya, bokitin ruwa da wurin cajin waya da aka bari a buɗe ga kowa wa'azi ne wanda ba ya bukatar lasifika.

A misalin talanti, bawan da aka hukunta bai saci kome ba, binne abin da aka ba shi kawai ya yi. An ba mu awa 3,000 na rana kowace shekara. Za a tambaye mu.

TAMBAYOYI DOMIN NAZARI A ƘUNGIYA

1. Nawa gidanku ko majami'arku take kashewa a wata a kan mai, batirin tocila da cajin waya?
2. Ku karanta Farawa 2:15 da Matiyu 25:14-30. Wace amana ce muka binne a unguwarmu?
3. Wane gida ne a cikinmu ba zai taɓa iya sayen sola shi kaɗai ba, me za mu yi kuma kafin Kirsimeti?

ADDU'A

Ya Allah Uba, Mahaliccin rana da wata, kai da ka ba mu Ɗanka ya zama hasken duniya, ka ba mu hikima mu yi aiki da baiwarka, ka ba shugabanninmu tsoronka, ka hana mu jin daɗin haske alhali maƙwabcinmu yana cikin duhu. Mun roƙa ta wurin Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.